Yadda ake koyar da mutuwar ƙwayoyin jiki da ƙafar kaza da ledar ruwa

Malam, in ka ce wa ɗalibai akwai ƙwayoyin jiki da ke kashe kansu don mutum ya zauna lafiya, ido kawai za su zuba maka. Shi ya sa ba na fara wannan darasi daga allo.

Ana gobe darasi, ka biya kasuwar Faringada ta Jos ka samo ƙafar kaza da ta agwagwa. Ka miƙa musu su duba. Duka biyun da fata a tsakanin yatsu suka fara a cikin ƙwai. A ta kaza ƙwayoyin wurin sun mutu a kan kari, a ta agwagwa suka tsaya. Haka namu yatsun suka rabu tun muna ciki. Wutsiyar talibambam, wato ɗan kwaɗo, ma ta wannan hanya take ɓacewa, amma don Allah kada ka aiki yaro kududdufan kuza ya kamo maka, zurfinsu ba na wasa ba ne. Sai sun gani da idonsu za ka rubuta sunan: afoftosis, wanda masana kimiyya uku, Kerr da Wyllie da Currie, suka raɗa a 1972.

Daga nan sai ledoji biyu masu ruwan kala. Nan zuciyar darasin take, kada ka yi sauri. Ta farko ka ƙulle ta ƙulli-ƙulli, ko ɗigo kada ya zuba, wani ɗalibi ya ɗauke ta ya sa a kwando. Ka ce musu a afoftosis haka ƙwayar ke tsukewa ta tattara kayanta, manyan fararen ƙwayoyin jini su haɗiye ta shiru, ba kumburi. Ta biyu ka fashe ta a kan tebur. Ihun da aji zai yi, shi ne ihun jiki. Ƙwayar da cuta ta shige ta kan huda fatarta da gangan da wani furotin, gasdamin D, ta saki sinadaran da ke tayar da zazzaɓi, su kirawo dakaru. Wannan ita ce fairoftosis. Tambaye su abin da suka gani a ƙurjin da ya nuna: ja, zafi, kumburi, zogi. Mugunyar kuwa, akasarinta gawar fararen ƙwayoyin jini ce.

Cuta sai ta biyo baya. Ƙwayar da ta lalace ta ƙi mutuwa, hanyar sankara ke nan. Kusan rabin sankarar ɗan Adam ana samun ƙwayar gado mai suna p53, wadda ke sa ƙwayar da ta lalace ta mutu, ta samu tangarɗa. In kuma fashewar ta yi yawa, kumburi kan mamaye jiki har ya taɓa ƙoda da huhu.

Kafin a buga ƙararrawa, ka sa kowa ya rubuta wannan ya kai gida: raunin da jansa ke yaɗuwa, ga zazzaɓi, ga numfashi sama-sama, asibiti ake kai mai shi a ranar.