Yadda zaka kama yoyon ruwa a gida tun bai haɗu da wayar wuta ba

Yawancin mutane in suka ga tabon ruwa a silin ko fenti ya fara kumbura a bango, tunaninsu kuɗin fenti ne kawai. Ni kuwa abin da ke fara zuwa min a rai shi ne wace waya ce ta bi ta wajen, domin wayoyin gida ai cikin bango da saman silin suke bi, inda ruwan ke bi kenan, kuma ruwan da ya ratso rufi ko siminti wuta na bin sa sarai.

To mataki na farko, tun ba abin da ya lalace, ka san wurare biyu a gidanka: inda ake kashe wutar gidan gaba ɗaya, da inda ake rufe babban bututun ruwa. Ka nuna wa duk wani babba a gidan, kar ya zama kai kaɗai ka sani, dan ba lallai kana nan abin zai faru ba. Ka riƙa murɗa makullin ruwan lokaci-lokaci saboda in ya daɗe ba a taɓa shi ba tsatsa na kama shi, ran da kake buƙata ya ƙi motsi. In kana da inbata ko sola ko janareta kuma ka sani kashe babban makunni ba lallai ya kashe wutar da ke fitowa daga su ba, kowanne da nasa wajen kashewa.

Na biyu ka nemo yoyon da ba ya nuna kansa. Rufe duk famfunan gidan, kar a ja ruwan banɗaki, ka rubuta lambar da ke kan mitar ruwa, bayan awa 2 ka dawo ka duba. In lambar ta motsa akwai inda ruwa ke zuba. Wanda tanki yake amfani da shi sai ya sa alama a inda ruwan ya tsaya da daddare ya duba da safe. Daga nan sai ka ɗau tocila ka leƙa ƙarƙashin wajen wanke-wanke, bayan injin wanki, gindin hitar ruwa, ka shafa mahaɗar bututu da busasshiyar takarda, ko ɗigo ɗaya ne zai nuna. Warin laima a ɗaki, baƙin fumfuna a kusurwa, tayil da ya fara ɗagawa, duk kar ka raina su, ruwa ba ya tsami banza. Robar da ke kai wa injin wanki ruwa a canza ta kamar duk shekara 5 ko da ba ta fashe ba, ita kuma na'urar sanyaya ɗaki ka tabbata bututun da ke fitar da ruwanta bai toshe ba, dan sau da yawa soket ɗinta a ƙasanta ake sa shi, ruwan ya riƙa ɗiga kai tsaye a kai. Rufi da indararo a duba a share kafin ruwan sama ya sauka.

Na uku, kuma nan ne nake so a fi ba ni hankali. Birekar da ke cikin akwatin wuta ko fiyus, waya suke karewa daga ƙonewa, sai wuta mai yawa ta wuce suke yankewa, alhali abin da zai rikita bugun zuciyar mutum bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba (amfiya shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bin waya). Wato mutum na iya maƙalewa a jikin waya birekar na nan ko gezau. Abin da ke kare mutum shi ne na'urar da ake kira RCD ko RCCB, wadda ke lura in wuta ta fara zubewa ta wata hanya, ta ruwa ko ta jikin mutum, sai ta yanke tun daƙiƙa ɗaya ba ta cika ba. Ka sa ƙwararren mai aikin wuta ya saka maka mai lamba 30mA, musamman a layin banɗaki da kicin da soket ɗin waje da na injin tura ruwa. Tana da ɗan maɓallin gwaji a jiki, ka danna shi duk bayan 'yan watanni, in wuta ba ta ɗauke ba to ta mutu a canza ta. Ya kuma duba maka wayar ƙasa, wannan da ake haɗawa da sandar ƙarfe da aka binne. In ka taɓa famfo ko jikin firji ka ji ɗan zirr a hannunka, dan Allah kar ka ce ai kaɗan ne, kashe layin a ranar a kira mai gyara.

Na huɗu ƙananan halaye ne: kar a bar soket ɗin jona-jona a ƙasa, kar a yi cajin waya a banɗaki, kar a taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu, wayar da ta ɓare a canza ta maimakon naɗe ta da leda.

In kuwa ruwan ya riga ya shigo, wuta ake fara kashewa sannan ruwa, ba a juya wannan tsarin. Ka tsaya a busasshen wuri da takalmin roba ka kashe, in sai ka taka ruwa kafin ka isa akwatin to bar shi, fitar da kowa a kira masu wuta. Ƙwan fitila da ruwa ya taru a cikinsa kar ka kunna kar ka kwance. In wuta ta kama wani kar ka kai hannu, kashe makunni ko ka ture shi da busasshen katako, a kai shi asibiti ko ya ce lafiyarsa ƙalau, saboda illar kan kasance a ciki. Gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa. Bayan komai ya lafa kuma, soket da makunnin da suka sha ruwa sai mai aikin wuta ya buɗe ya gwada kafin a mayar da wuta, dan waje na bushewa ciki na nan da danshi.