Yadda Ake Rage Tarkacen Saƙonni a Akwatin Imel

Tarkacen da ke cika akwatin imel iri biyu ne, kuma ba magani ɗaya ake yi musu ba. Akwai tallar kamfanonin da kai da kanka ka ba su adireshinka ranar da ka yi rajista ko ka sayi wani abu. Akwai kuma saƙon 'yan damfara, waɗanda suka tsinci adireshin a wani shafin intanet, ko suka saye shi cikin jerin da aka sato daga wani kamfani. Na farkon ana iya ce masa ya daina, ya kuma daina. Na biyun da zarar ka tanka masa ka ƙara wa kanka aiki.

1. Fara da rarrabe su

A gurbin bincike na Gmail rubuta kalmar unsubscribe, wato fita daga jerin masu karɓar saƙo, galibin saƙonnin talla za su jeru a gabanka. Kada ka tsaya ga sunan da ya bayyana a sama, don wannan kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Taɓa sunan, cikakken adireshin zai fito, sai ka karanta abin da ke bayan alamar @ harafi bayan harafi. 'Yan damfara kan sa sifili a gurbin harafin o, ko su haɗa r da n su yi kama da m. A ƙaramin allon waya ido ba ya saurin kama wannan.

2. Sallami kamfanonin da ka sani

Yi amfani da maɓallin "Unsubscribe" da Gmail ke sawa a sama kusa da sunan mai aikowa, ya fi wanda ke can ƙasan saƙon aminci. Tun 2024 Google da Yahoo suka wajabta wa masu aika talla da yawa su ba da damar fita da dannawa ɗaya, su kuma cire mutum cikin kwana biyu. A wajen Google, dokar ta hau kan mai aika saƙo kusan 5,000 a rana. Fita ba ta buƙatar kalmar sirri. Shafin da ya nemi ka shigar da ita kafin ya sallame ka, rufe shi kawai. Kamfanin da ya ci gaba da turo talla bayan mako guda kuwa, sai a haɗa shi da rukuni na gaba.

3. Na 'yan damfara, kai ƙararsa

Mutane da yawa gogewa kawai suke yi, shi ya sa gobe wani ke dawowa. Gogewa ba ta koya wa manhajar komai. Idan ka danna "Report spam", rariyar Gmail na ɗaukar darasi daga saƙon, ta riƙa tare irinsa a akwatinka da na sauran jama'a. A Outlook sunan maɓallin "Junk".

Kada ka ba da amsa, ko da zagi ne. Kada ka taɓa wani liƙau, wato rubutun da ake dannawa ya buɗe shafi, da ke ciki, har da wanda aka rubuta cewa na fita ne, domin dannawar na shaida musu cewa adireshin na aiki kuma akwai mai karantawa. Fayil da aka maƙala, musamman mai ƙarewa da .zip ko .exe ko .html, a bar shi yadda ya zo. Toshe mai aikowa yana da amfani a kan mutum ɗaya mai naci, amma bai cika tsinana komai a kan 'yan damfara ba, tunda kusan kowane saƙo da sabon adireshi suke turo shi.

Rariya takan yi kuskure. Leƙa jakar "Spam" sau ɗaya a mako, domin Gmail na share abin da ya kwana 30 a ciki. In ka ga saƙon kirki, danna "Not spam", ka ajiye adireshin cikin jerin mutanenka.

4. Hana hotuna buɗe kansu

Saƙonnin talla da yawa na ɗauke da wani ɗan hoto da bai kai ɗigon alƙalami ba. Yana buɗewa, mai aikowa ya san an karanta, ya san kuma lokacin. A saitin Gmail, ƙarƙashin "Images", zaɓi a riƙa tambayarka kafin a nuna hotunan waje. Saƙonni za su ɗan yi fayau, amma dannawa ɗaya ke dawo da hotunan wanda ka amince da shi.

5. Daina ba kowa adireshi ɗaya

Nan ne aikin yake ɗorewa. Ware adireshi guda don banki da aiki da dangi, ka buɗe wani daban don sayayya da rajistar shafuka. In na biyun ya lalace, ba ka yi asarar komai ba.

Gmail na da wata dabara kyauta. Duk abin da ka ƙara bayan alamar + ba ya canza inda saƙo zai je, wato sunanka+takalmi@gmail.com akwatinka zai faɗo. Ka ba kowane shafi nasa laƙabin, wato kalmar da ke bayan +. Ranar da tallar rance ta zo ta adireshin da ka ba shagon takalmi, ka san ta inda ruwa ya shigo. Sai ka rubuta wannan adireshin a gurbin "To" na bincike, ka danna "Create filter", ka zaɓi "Delete it". Rauninta biyu ne: wasu shafuka ba sa karɓar alamar +, kuma mai wayo na iya yanke laƙabin ya samu adireshin asali. Wanda ke son rufi na gaske sai ya nemi adireshin aro, irin na Firefox Relay, ko na DuckDuckGo, ko Hide My Email na Apple. Su ne ke karɓar saƙon su miƙo maka, kana kuma iya kashe adireshin duk ranar da ya fara damunka.

Kada ka rubuta adireshinka a fili a shafukan sada zumunta, akwai manhajojin da ba su da aiki sai tsince su. In za ka tura saƙo ga mutane da yawa, sa adireshinsu a gurbin Bcc don kada kowa ya ga na kowa.

6. Kulle akwatin kansa

Shigar da adireshinka a shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ya buɗe a 2013, zai nuna maka ko yana cikin bayanan da aka taɓa sacewa. In yana ciki, canza kalmar sirrin shafin da aka yi wa satar da ta duk inda ka maimaita ta. Ta imel kuwa ta zama doguwa, wadda ba ka amfani da ita a ko'ina, domin ta akwatin imel ake sake kalmar sirrin kusan duk sauran asusunka. Kunna tantancewa mai mataki biyu, wato a riƙa neman wata shaida, kamar lambar da ake turowa waya, bayan kalmar sirri. Sannan shiga saitin, duba "Forwarding" da "Filters": mai kutse kan bar umarnin a riƙa tura masa kwafin saƙonninka, kuma canza kalmar sirri ba ya cire wannan umarnin, sai ka goge shi da hannunka.

Idan wata rana ka wayi gari da ɗaruruwan saƙonnin rajista daga shafukan da ba ka taɓa shiga ba, kada ka share su a dunƙule. Ɓarayi kan yi haka ne don su binne saƙo guda ɗaya, na cire kuɗi, ko na sayayya da katinka, ko na canza kalmar sirri. Bincika sunan bankinka da na shagunan da kake hulɗa da su a cikin tarin tukuna, ka kira bankin ta lambar da ke bayan katinka, sannan ka yi shara.