Mota na rawa in ka taka birki da ƙarfi? Duba nan kafin ka sayi dis

Salam 'yan uwa direbobi da masu mota. Wlh abin nan ya yi yawa a Garwa da Marwa, mutum ya kai mota garaji tana rawa in ya taka birki, a ce masa kawai sayo dis sabo (faifan ƙarfen da birki ke kamawa), ya sayo a ɗaura, ba a jima ba rawar ta dawo, alhali ba wanda ya tsaya ya duba me ya lalata na farkon.

Fara tabbatarwa birkin ne. Samu hanya mai kyau da ba mutane, ka kai kamar 80 ko 90 ka saurara. In tana rawa tun ba ka taɓa birki ba to matsalar taya ce, ko balans ko jant (ƙarfen da taya ke zama a kai) ta lanƙwashe ko tayar ta yi ƙulu, wanda ke bin Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri ya san yadda ramuka ke cin jant. In kuwa sai ka taka take farawa, ka lura ina kake jin ta. Sitiyari na karkarwa a hannunka, ciwon na gaba. A kujera kake ji, duba baya. Mota mai tambur (birki mai kama da kwano maimakon dis) a baya ka tafi a hankali kamar 30 ka ɗan ja birkin hannu kaɗan kaɗan yatsanka na kan maɓallin, in ta yi rawa tambur ɗin ya daina zama daidai.

Akwai wadda ba ciwo ba ce. Mota mai ABS in ka taka da ƙarfi kan yashi ko tsakuwa feda za ta riƙa bugun ƙafarka tana gurrr, aikinta take yi don kar taya ta kulle, kar ka ɗaga ƙafa dan Allah.

Toh yanzu a ɗaga mota, a sa mata abin tokare ba jak kaɗai ba. Riƙe taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. In akwai wasa to rulma ne (boris ɗin da taya ke juyawa a kai) ko rotil (gaɓar da ke haɗa ƙafar mota), a duba silanblok su ma, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota, don waɗannan in sun mutu ƙaramar rawa sai su mai da ita babba, ko dis nawa ka canza ba za ta daina ba.

Cire taya ka kalli dis ɗin. Tabo shuɗi shuɗi alamar ya sha zafi ne, in da tsaga kuwa ba sauran magana sai canji. Kalli plaket biyun (takalman birkin da ke matse dis), in ɗaya ta cinye fiye da 'yar uwarta to sandunan da etiriye (ƙarfen da ke matse plaket) ke zamewa a kai sun maƙale, birki na riƙe da dis kullum yana gasa shi. Za ka ma gane bayan tafiya, taya ɗaya ta fi sauran zafi in ka kai hannu kusa, ban ce ka taɓa ba. A wanke sandunan a sa musu giris na birki, giris na gama gari yana kumbura robar.

Inda na fi so a tsaya shi ne wurin da dis ke zama a kan moyo (cibiyar da ake ɗaure taya a kai), don nan ne aka fi yin sakaci. Ƙurarmu da lakar damina da tsatsa suna taruwa a fuskar nan, yaron garaji ya ɗora sabon dis a kai haka nan ya ɗaure. Karkacewar da yawancin motoci ke yarda da ita wajen 0.05 na milimita ce, ba ta kai kaurin gashin kai ba, kenan ƙwayar yashi ɗaya ta isa. Dis ya zauna a karkace, duk juyi ɗaya yana gogar plaket a wuri guda, a hankali wurin ya fi sauran sirancewa, ran da ka taka da ƙarfi sai ka ji mota na kaɗawa ka ce ai dis ɗin jabu ne. Ka tsaya a kai da kanka a goge fuskar da burushin ƙarfe da sanfefa har ta yi fes. Haka ɗaurin notin taya, masu faci su sa bututu a sifana su hau da ƙafa, wani noti ya matse fiye da kima wani sako sako, shi ma yana karkatar da dis. A ɗaure a tsallake, wannan sannan na gabansa ta ɗaya gefen, kuma da sifana mai auna ƙarfin ɗauri in akwai, Corolla 103 Nm take so.

A kai dis tur (injin da ke goge shi) ko a canza? A jikin dis an buga MIN TH da lamba, shi ne ƙarshen kaurin da aka yarda. In gogewa za ta kai shi ƙasa da haka a bar shi, siririn dis saurin zafi gare shi. Ni dai in ya kusa lambar na fi son sabo. Kuma hagu da dama tare ake canzawa, da sabbin plaket.

Bayan gyara kar ka fita da gudu ka danna birki. Daga 60 ka sauko kamar 10 da taki matsakaici ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita kamar sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiya ya huce. Masu saukowa gangaren Falez daga Ngaundere zuwa Garwa da kaya, ku sa ƙaramar giya inji ya riƙe mota, kar ƙafa ta kwana kan birki, in kun tsaya a ƙasa kuma kar ku danne feda kan dis mai zafi don plaket na barin shaida a wurin. Kar a kai ta wanki a watsa wa dis ruwa yana zafi.

In duk an yi wannan rawar ba ta tafi ba, a cire dis a ɗora agogon awo a kan moyo kansa a juya, rami na iya lanƙwasa shi, in allurar ta yi wasa to moyo za a canza.