Yadda nake haɗa ƙananan ƙwayoyin zinare da ido ba ya gani a ɗakin gwaji don gwada su kan bakteriya

Fara da wanke kwalabenka tas. Ɗan datti kaɗan ya isa ya ɓata aikin.

Hanyar da nake bi ita ce wadda masanin sinadarai Turkevich ya bayyana a 1951. Zuba ruwan gishirin zinare mai launin rawaya-rawaya a kwalba, ka ɗora a wuta kana juyawa har ya tafasa, sannan ka zuba sinadarin sodiyam sitiret a lokaci guda. Kada ka kau da ido. Launin zai dushe, ya yi duhu, daga bisani ya koma ja kamar zoɓo. Jan nan ne alamar ka sami ƙananan ƙwayoyi, galibi masu girman nanomita 10 zuwa 20 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). In ya tsaya a shuɗi, sun dunƙule, sai ka sake sabo.

Zinare tsirara ba ya yi wa bakteriya wani abin kirki. Sai an lulluɓe ƙwayoyin da sinadari mai kashe cuta, su kuma su zama masu dakonsa. Bayan lulluɓin, ɗiga su a farantin da ka raini bakteriya, ka kwatanta da maganin da aka riga aka sani.

Tunda ana nufin su zama maganin sha, gwada su a ruwa mai tsami da gishiri irin na ciki. A nan da yawa suke dunƙulewa.

Kai kuma kada ka kurɓa, ko da wasa. Har yanzu aikin bincike ne, likitoci ba sa rubuta wa mai ciwon bakteriya shi.