Yadda na gyara matsalar renda ɗin fim ɗinmu

Mu uku ne a unguwar Nima ta Accra muke haɗa ɗan katun na minti 2 don aikin makaranta, labarin wata malama ce da gabanta ke faɗuwa duk safiya kafin ta shiga aji, ta tsaya bakin ƙofa alli na rawa a hannunta har ya karye. Wannan wajen ya fi taɓa ni saboda mamana ticha ce kuma na sha ganinta haka.

To matsalar ita ce a Blender, manhajar haɗa katun, nake renda (wato kwamfuta ta fitar da hotunan fim ɗin) kai tsaye zuwa bidiyo, firem (hoto) 24 duk sakan wato 2880 ke nan a minti 2, sau biyu dumsor, wato ɗauke wuta, ya kashe kwamfutar cikin dare, fayil ɗin ya lalace ko buɗewa ba ya yi.

Sai na canza, na sa ya riƙa fitar da hotuna PNG ɗaya bayan ɗaya cikin folda, na cire alamar Overwrite (mai sa ya sake yin hotunan da ya riga ya gama), in wuta ta dawo sai ya tsallake waɗanda ya gama ya ci gaba. Na kuma bar injin renda na Cycles na koma na Eevee don ya fi sauri. Daga baya na jera hotunan na ɗora numfashin malamar da muka ɗauka da waya.