Kurakuran da ke kashe mafakar gansakuka a tankin murjani

Mai kiwon kifin teku da murjani a Sakkwato ya ɗauko aiki, domin teku na can Legas, zafi kuma na nan tare da mu. Abin da ke rage masa wahala shi ne rifujiyam, wato mafakar gansakuka, ƙaramin tankin da ake haɗawa da babban, galibi a ƙarƙashinsa. A ciki gansakukar teku ke girma tana zuƙe naitiret da fosfet, sinadaran datti da ke taruwa a ruwan, ƙananan ƙwarin ruwa irin su kofifod kuma suna hayayyafa ba mai cinye su. Sai dai da yawa kan haɗa shi da murna, kafin wata biyu gansakukar ta yi fari ta narke.

Babban kuskure yana wajen fitila. Mutane kan kunna ta mafakar da rana tare da ta babban tanki. A juya lokacin: idan ta sama ta mutu, ta ƙasa ta kama. Da dare ma'aunin pH na ruwan yakan sauka, wato tsaminsa ya ƙaru, gansakukar da ke samun haske kuwa tana shan iskar kabon, sai ya daidaita. Mu nan akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi. Murjani na son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 26, a Afrilu da Mayu kuma garinmu kan wuce 40. Fitilar mafakar da famfon tura ruwa a cikin rufaffen kabad da azahar, ga ta sama a kunne, ai dafa ruwan ake yi. A buɗe bayan kabad ɗin, a sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Wanda ke da hali ya nemi na'urar sanyaya ruwa tun kafin bazara, ba sai murjani ya fara koɗewa ba.

Fankar za ta sa ruwa ya riƙa raguwa da sauri, musamman da hunturu. Ruwa ne ke tafiya, gishirin na nan, don haka da ruwa marar gishiri ake cikowa, a bar ma'aunin gishirin ruwan a wajen 1.025. Kuma ba na burtsatse ko na 'yan garuwa ba, sai wanda matatar RO, na'urar da ke cire gishiri da sauran sinadarai daga ruwa, ta tace, in ba haka ba dattin da ake so a cire shi ake ƙarawa.

A zaɓi gansakuka irin Chaetomorpha, mai kama da soson ƙarfe kore. Wata irin, Caulerpa, na saurin girma, amma takan fashe dare ɗaya ta mayar da ruwan fari, ta zubar da duk abin da ta tara. Wani abin da ke ba ni takaici shi ne ganin gansakuka ta cika tanki maƙil mai ita yana alfahari. Ta ƙasan ba ta ganin haske, ruɓewa take yi. Duk mako ɗaya ko biyu a sa hannu a yage kashi ɗaya cikin uku, a girgiza shi cikin ruwan don kofifod su sauka, sannan a zubar. Abin da aka fitar da hannu shi ne kawai ya bar tankin.

Kada a sa kifi a cikin mafakar. Kada a haɗa bututu ko kan famfo na tagulla, guba ce ga murjani. Yashi kuma ko dai siriri ƙasa da santimita 3, ko mai zurfi sama da 10 wanda ba a tonawa. Idan aka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, yashin ya lalace.

Saura ɗauke wuta. Da famfo ya tsaya, ruwan sama kan dawo ta bututu ya cika mafakar ya malale ɗaki. A bar sarari a tankin ƙasa, a huda ƙaramin rami a bututun mayar da ruwa, ɗan ƙasa da fuskar ruwan. A gwada tun ranar farko: a kashe wuta da gangan, a tsaya a ga inda ruwan zai tsaya. Idan inbata ko sola ba za ta ɗauki komai ba, a fara ba famfon da ke motsa ruwa, fitila ta jira.