Kurakuran da aka fi yi wajen hana kwamfuta sabunta kanta

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne kullum. Mutum yana tsakiyar aiki kwamfuta ta kashe kanta ta sake tashi. Ko ya haɗa ta da datar wayarsa, kafin ya ankara gigabait biyu sun salwanta. Ko ya kwana firinta na aiki lafiya, ya wayi gari ta daina amsawa. Duk wanda ya ji haushi yana da gaskiya. Abin da ke damuna shi ne maganin da akasarin mutane ke rugawa su ɗauka, domin ɓarnarsa ta fi ta ciwon. Zan fi tsayawa a kan Windows 10 da 11, tunda su ne suka fi yi wa mai su gardama.

Kuskuren da ke haifar da sauran shi ne ɗaukar sabuntawa a matsayin abu guda. Iri huɗu ne ke bin hanya ɗaya. Akwai facin tsaro da Microsoft ke fitarwa ranar Talata ta biyu a kowane wata. Akwai babban sauyin siga, irin su 23H2 da 24H2, wanda ke zuwa sau ɗaya a shekara, shi ne mai nauyi kuma shi ne ya fi canza abubuwa. Akwai direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa kayan kwamfuta, na hoto da sauti da Wi-Fi da firinta. Sannan akwai bayanan da Defender, manhajar tsaron Windows, ke gane sababbin miyagun manhajoji da su, 'yan ƙanana ne, suna zuwa kusan kullum. Mafi yawan abin da ke ɓata wa mutane rai daga na biyu da na uku yake fitowa, amma idan sun tashi ɗaukar mataki, na farko da na huɗu suke kashewa.

Wannan ya kawo mu ga babban kuskuren, wanda na gaji da ganinsa: buɗe services.msc, wato jerin sabis-sabis da ke aiki a bayan fage, a nemo Windows Update, a mayar da shi Disabled, a koma a zauna ana ganin an gama. Ba a gama komai ba. Na farko, ba ya ɗorewa. Akwai wani sabis mai suna Windows Update Medic Service da aikinsa kenan, ya duba ya ga an taɓa kayan sabuntawa ya mayar da su yadda suke. Bayan kwanaki sai ka tarar abin ya kunna kansa, kuma tunda kai ka saki jiki ba ka saita lokacin sake kunnawa ba, sai ya zaɓar maka lokacin da ya ga dama. Daga nan sai mutum ya fusata ya sauko da wata 'yar manhaja da ke alkawarin rufe ƙofar gaba ɗaya. Irin waɗannan manhajoji suna canza izinin wasu sassa na rijistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, don kada tsarin ya iya gyara kansa, kuma ba dukkansu ne ke iya mayar da abin da suka taɓa daidai ba.

Na biyu, idan abin ya ɗore ma, asararka ce. Wannan sabis ɗin da ka kashe ba faci kaɗai yake ɗaukowa ba. Microsoft Store na dogara da shi. Ƙara harshe, ko girka .NET Framework 3.5 da tsofaffin manhajoji da yawa ke nema, ko samo direban sabuwar na'urar da ka jona, duk ta nan suke bi. Ranar da ka ga lambar kuskure 0x80070422, ma'anarta ke nan: an nemi sabis an tarar a kashe. Mutane sukan kwashe awanni suna neman dalili, sun manta da hannunsu suka yi watanni shida da suka wuce.

Na uku shi ne wanda ba a gani da ido. Duk facin da aka fitar sanarwa ce ga masu kutse cewa ga inda ɓaraka take, sai su bi ta kan waɗanda ba su toshe ba. A watan Maris na 2017 Microsoft ta fitar da facin MS17-010. A ranar 12 ga Mayu na shekarar muguwar manhajar WannaCry ta ɓarke, ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, ta ƙofar da aka yi kusan wata biyu da bayar da makullinta. Wanda ya kashe sabuntawa don kada a katse masa aiki na minti goma, garin neman gira yake shirin rasa ido. Kuma don Allah a daina cewa "ai ba ni da wani abin sata". Kalmar sirrin imel ɗinka da ke ajiye a burauza abin sata ce, hotunanka da takardunka abin garkuwa ne.

Ba ina cewa a karɓi duk abin da ya zo a ranar da ya zo ba. Microsoft ma tana kuskure. A watan Oktoba na 2018 sigar 1809 ta Windows 10 ta goge wa wasu mutane fayiloli, har kamfanin ya janye ta na wani lokaci. Don haka jinkiri yana da amfani, matuƙar kai ka san ranar da zai ƙare. Tsarina shi ne: a shafin Windows Update na dakatar da sabuntawa kwana ɗaya ko biyu kafin Talata ta biyu, na bar mako guda zuwa kwana goma su wuce. Idan facin yana da matsala babba, a cikin kwanakin nan labari ke fitowa. Sai na zaɓi maraicen da ba ni da aiki, na cire dakatarwar, na girka, na sake kunnawa da kaina. Dakatarwar nan tana kaiwa mako biyar, wato kwana 35, kuma idan ta ƙare sai an girka abin da ya taru kafin a sake dakatarwa. Masu danna mako biyar cur su manta, su ne ake yi wa ba-zata.

Mai Windows Pro yana da hanyar da ta fi wannan tsafta. Ka buɗe gpedit.msc, ka bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Windows Update, ka nemo Configure Automatic Updates. A Windows 11 yana ƙarƙashin Manage end user experience. Ka kunna shi ka zaɓi lamba 2. Daga nan Windows za ta sanar da kai cewa akwai sabuntawa, amma ba za ta sauko da ita ba sai ka danna. A wannan reshen dai akwai Select the target Feature Update version, inda za ka rubuta sunan Windows ɗinka da sigar da kake son tsayawa a kai, sai facin tsaro ya ci gaba da zuwa babban sauyi ya tsaya a waje. Amma ka sa a ranka cewa kowace sigar Windows 11 ta Home da Pro wata 24 ake kula da ita. Ka rubuta ranar ƙarewar taka, ka matsa gaba da kanka kafin ta zo. Sigar Home ba ta da gpedit, kuma dabarun cusa mata shi da ake yaɗawa ba abin dogaro ba ne, domin tagar tana iya buɗewa amma tsarin ya yi watsi da umarnin.

Ga mai tsoron ƙarewar data, abin da ya dace shi ne Metered connection, wato gaya wa Windows cewa datar hanyar ƙayyadaddiya ce, a cikin bayanan hanyar intanet ɗin da kake kai. Kuskuren da ake yi a nan shi ne zaton sau ɗaya ake kunna shi. Kowace hanya da nata. Ka kunna wa Wi-Fi na gida, ka koma na waya, ko ka canza wa hotsifot suna, Windows sabuwar hanya take gani, sai ta buɗe baki. Ka leƙa Advanced options kuma ka tabbatar maɓallin da ke ba da izinin sauko da sabuntawa ta hanyar da aka ƙayyade yana kashe. Ko da hakan wasu gyare-gyare na gaggawa za su iya wucewa. A nan kusa akwai Delivery Optimization, wanda zai iya tura guntayen sabuntawa daga kwamfutarka zuwa wasu kwamfutoci. Ka kashe shi ko ka taƙaita shi ga na'urorin gidanka.

Sake kunnawa a tsakiyar aiki kuwa, yawanci rashin saita Active hours ne, wato awannin da Windows ba za ta sake kunna kwamfutar da kanta ba. Ka daina barin Windows ta yi maka hasashe, ka sa awanninka da hannu, ana ba ka har awa 18. Ka kunna sanarwar da ke gaya maka ana buƙatar sake kunnawa, ka kashe Get me up to date. Kuma ka san cewa rufe murfin laftof ba kashewa ba ne. Kwamfutar da ke yin mako uku ba a sake kunna ta ba, sabuntawa a rataye take, ranar da haƙurin tsarin ya ƙare ba zai tambaye ka ba.

Wani kuskuren mai tsada shi ne danne maɓallin wuta alhali allo na cewa kada a kashe. Na san abin da ke sa mutum yin haka: lambar ta tsaya a kashi 30 ko makamancin haka, minti ashirin ba ta motsa ba. To, a daidai lokacin nan ana sauya fayilolin da Windows ke tashi da su ne, an cire tsoho ba a gama dasa sabo ba. Windows takan iya warware abin ta koma baya, amma ba kullum ba, kuma idan ta kasa, kwamfutar da ba ta tashi za ka samu. Lambar nan ba agogo ba ce, takan tsaya ta yi tsalle. Ka duba fitilar faifai idan akwai, ka saurari fanka. A kwamfuta mai tsohon faifai mai juyawa, ni ba na taɓa komai sai awa biyu sun cika babu alamar motsi. Kada ka fara girkawa a kan batir kaɗai. Ka jona caja, batirin kuma ya kasance da isasshen caji ko da wuta za ta ɗauke. Idan sabuntawar ta BIOS ce, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, to wannan gargaɗin ka ninka shi, domin katsewarta kan iya kashe allon uwa, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kai.

In har ta tabbata ta maƙale, ka kashe. Idan ta gaza tashi sau biyu ko uku a jere, za ta shiga shafin gyara da kanta. Ka bi Troubleshoot, Advanced options, Uninstall Updates, ka cire ta ƙarshe. A nan ne mutane da yawa ke cin karo da bango, domin allo zai iya neman makullin BitLocker, tsarin da ke rufe faifai, mai lamba 48, su kuwa ba su ma san an rufe faifansu ba. Sababbin kwamfutoci da dama a rufe suke zuwa da zarar an shiga da asusun Microsoft, kuma makullin yana cikin asusun. Ka shiga yau, tun kwamfutar na lafiya, ka kwafe shi a takarda. Ajiye shi a cikin kwamfutar da zai buɗe ba shi da wani amfani.

Bayan babban sauyin siga za ka ga folda mai suna Windows.old ta cinye gigabait masu yawa. Kada ka yi gaggawar share ta. Ita ce hanyar komawa tsohuwar siga, ta maɓallin Go back da ke shafin Recovery, kuma kwana 10 kacal ake ba ka. A cikin kwanakin nan ka gwada firinta, kyamara, sauti, da duk manhajar da abincinka ya dogara da ita. Mai son ƙarin lokaci ya buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa ya rubuta DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60 kafin goman su cika. Amma wannan folda ba kwafin ajiya ba ce. Fayilolinka su kasance a wani faifai na waje kafin ka fara.

Sauran ƙanana ne. Kada ka girka duk abin da ke cikin Optional updates don kawai ka gan shi a jere, direban da ke aiki a bar shi. Idan sabon direba ya ɓata abu, Device Manager na da Roll Back Driver, a Pro kuma akwai umarnin Do not include drivers with Windows Updates. Maɓallin Get the latest updates as soon as they're available a kashe ya kamata ya zauna a kwamfutar aiki, haka ma sabuntawar gwaji da ke fitowa ƙarshen wata. Idan saukowa na ta gazawa, fara duba sararin faifai. In ba shi ba ne, ka tsayar da sabis na Windows Update da na BITS mai sauko da fayiloli, ka canza wa foldar SoftwareDistribution suna maimakon share ta, ka sake kunna su. Wasu bayanan kan ce a yi wa catroot2 haka, amma ka lura da lambar 2 ɗin, foldar catroot marar lamba ba a taɓa ta.

Wasu kuma suna murna wai Windows 10 ɗinsu ta daina damunsu. Ba ladabi ta koya ba, tallafinta ne ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wanda bai shiga shirin ƙarin facin tsaro na ESU ba babu abin da ke zuwa masa na gyaran tsarin, don haka ko ya koma Windows 11 idan na'urar ta cancanta, ko ya sa mata Linux.

Masu Mac sun fi samun sauƙi, domin a Software Update maɓallan a rarrabe suke: a kashe girka sabuwar macOS kai tsaye, a bar na martanin tsaro da fayilolin tsarin a kunne. A Ubuntu, wani nau'in Linux, kuma kada a cire unattended-upgrades, mai girka facin tsaro kai tsaye, don haushin wata manhajar da aka girka ta tsarin snap da ta sabunta kanta ana tsakiyar amfani da ita. Umarnin snap refresh --hold tare da sunan manhajar ya isa ya tsayar da ita kaɗai.